Bayan Littafin Awo

Ba wanda ya zaunar da ni ya ce, "Ga baiti, ga ɗango."
Malam Barau almakashi ya miƙa mini,
ya ce, "Auna sau biyu, yanka sau ɗaya,"
ya juya ya ɓare goronsa.
Shagonmu na nan bayan Ƙofar Baru, a Daura,
inda motocin Mai'aduwa ke tsayawa jiran cikon mutum ɗaya.

Kari kuwa, a ƙafata na tsince shi.
Keken ɗinki, in ka taka shi da natsuwa,
yana da magana: taka-taka-tam, taka-taka-tam.
Wata Laraba ina kafa hannun riga
sai na ji kalma ta hau takun,
ta zauna daram kamar don ita aka yi.
Ta biyu ta zo, ta yi tuntuɓe.
Na tsaya. Na sake. Allura ta soke ni.
Ranar na gane gaɓa ma tana da nauyi:
wata shadda ce,
wata sakayau take kamar alawayyo.

Littafin awo shi ne makarantata.
Ta gaba: wuya sha shida, tsawo hamsin da biyu,
Alhaji Ɗan'iya ya ba da rabi, saura dubu uku.
Ta baya: ni, da dare, da fitilar waya,
da sauro, abokin karatu mai yawan gyara.

Shekara guda ina cusa amsa-amo da ƙarfin tsiya
kamar mai tura ƙaton kai a hular yaro.
Na sa "zuciya", na sa "duniya",
na rasa ta uku, na jawo "tsintsiya",
alhali ba abin da ta zo sharewa.

Waɗanda suka lalace nakan yage
in kai wa Inna Lantana ta naɗe ƙosai.
Ashe littafi nake bugawa ban sani ba.

Ran nan sai ga Ilu direba, yatsu duk maiƙo,
ya shimfiɗa takarda a kan teburin yanka,
mai ya ratsa ta har ana hango katako.
"Wa ya rubuta wannan?"
Na sunkuya neman zaren da bai ɓata ba.
Ya ce, "Layin nan na uku,
na tsohonka da buhun gero a Kwangwalam,
da ya ƙi saukewa don kar a ce ya tsufa,
na karanta, na sake, har ƙosai ya huce.
Sauran kuwa surutu ne.
Wata da taurari! Kai ka taɓa zuwa can?"

Ya fita bai biya facin wandonsa ba.
Na bar masa. Kuɗin makaranta ne.

Tun ranar na daina ɗinka wa sama riga.
Na koma ga wuyan tsohona, ga jijiyar da ta miƙe,
ga matar da ta kawo rigar marigayi
ta ce a rage ta daidai ɗansa,
ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa kallon yankan.
Kwana tara ina neman kalmar tsayuwarta.
Har yau wadda na sa aro ce.

Warwara ta fi ɗinki cin lokaci,
wannan kowane tela ya sani.
Baiti goma nakan yi, in kwana, in tashi,
in iske biyu ne ke numfashi.
Ƙyallen da ya rage ba na zubarwa.
Akwai buhu a ƙarƙashin tebur,
wata rana zai zama bargo.

Jiya Malam Barau ya buɗe littafin ta baya.
Ya daɗe. Ya gyara tabarau.
Ya sa farce a ƙarƙashin wani layi,
ya ce, "Nan ya yi tattara."
Bai ce komai ba game da sauran.

Na jira ya tafi masallaci,
na ɗauki reza.